Ranar da Aka Miƙa Min Garma

Ni Bafulatani ne ta uwa ta uba, kuma tun ina yaro nake tsoron saniya. Yanzu da na tsufa nake faɗa ko a jikina. A lokacin kuwa, gara a ce na yi sata da a ji wannan. A cikin garin Bauchi aka haife ni, aka sa ni boko, na fito akawu. Baffa, mahaifina, ya daɗe yana kiwo kafin ya zauna gari, ba shi da hira sai ta shanu. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bisa al'ada ba ya kiran sunana, ba ya ko duban fuskata, sai dai ya ce "wancan". Babban abin da nake gudu a duniya shi ne ya ji cewa wancan yakan sake hanya in ya hango ƙaho.

Ana saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai, mu samarin gari, malaman makaranta da akawuna, muka tsiri tafiya ƙauye aikin sa kai duk Lahadi. Mu hau kekuna, mu yi yaɓen aji, mu taya haƙar rijiya, mu dawo hannu duk kanta muna jin mu ne za mu gyara ƙasa. Shugabanmu wani hedimasta ne mai son jawabi. Wallahi mutumin nan ko tubali zai ɗaga sai ya yi masa jawabi.

Akwai wani ƙauye ta wajen Gubi, tun ba a yi zancen dam ba, inda muka gama rijiya har da kwamin shayar da dabbobi. Da damina ta faɗi, hedimasta ya ce saura noma, za mu nuna musu garmar shanu. Aka aro bijimai biyu, fari da ja, a ofishin gona, leburori suka kora su tun da asuba, mu muka bi baya a keke. Malamin gona da zai riƙe garmar kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi. Sai da mutane suka cika bakin gona, hedimasta ya gama jawabi, sannan ya tuna babu mai riƙewa. Ya waiwayo ya dube ni, ya yi wani murmushi da har yau ban yafe ba. Ya shaida wa jama'a cewa ga ɗan Fulani a cikinmu, wanda shanu ke jin maganarsa tun yana zanen goyo.

Da na ce ban iya ba, da shi ke nan. Amma na san maganar za ta riga ni isa zauren Baffa. Na naɗe ƙafar wando, na matsa kusa da garmar. Farin bijimin ya juyo ya ƙare min kallo, na tabbata ya gane ko ni wane ne.

Abin da na iya na Fulatanci gaisuwa ce kawai, to sai na gai da bijiman. Na tambaye su kwana, na tambaye su gajiya, har iyali na tambaye su. Mutanen ƙauye suka riƙa gyaɗa kai, a zatonsu wani sirri ne na gado.

Taku goma na farko lafiya lau, har na fara ɗaga kai. Can sai jan ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, farin ma ya shaƙa, suka juya a tare suka zuba a guje. Ban saki garmar ba, don hedimasta ya ce kayan gwamnati ne. Muka keta gonar gyaɗar mai gari. Muka tsaga filin makarantar da muka share da hannunmu makon jiya. Ina ihu da Hausa, ina ihu da Turanci, hulata ta tafi, takalmi ɗaya ya bi ta. Ba su tsaya ba sai a bakin kwamin nan namu, ni kuma na wuce da fuska cikin taɓo.

Wata tsohuwar Bafulatana na wanke ƙwaryar nono a wurin. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta dubi bijiman suna lasar busasshen kwami, ta dube ni.

"Ɗan nan, yaushe rabonsu da ruwa?"

Ashe tun daga Bauchi ba wanda ya shayar da su. Mu goma sha, kowa da alƙalami a aljihu, ba wanda abin ya faɗo wa a rai. Ta tambayi ɗan wane ne ni, na faɗa, ta ce ai ta san gidan, can take kai nono ran Litinin. Nan na san tawa ta ƙare. Jama'a suka iso suna haki, na miƙe taɓo na zuba, na ce, "Ban iya ba. Tsoronsu ma nake ji."

Tsohuwar ta ja ruwa ta shayar da su, ta kama igiya ta shige gaba, na riƙe garma a baya, muka huɗe gonar tsaf. Hedimasta ya yi jawabi a kan haɗin kai.

Ran Litinin na taso daga ofis, tun daga waje na jiyo dariyar Baffa a zaure, har da tari. Yana sa tsohuwar ta maimaita masa labarin da ta ji a ƙauye, na yadda na tambayi bijimi iyali. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na yi sallama dariyar ta ɗauke. Ya juya ya dubi bango, ya yi magana kamar da bangon yake.

"A gaya wa wancan ba laifinsa ba ne. Ni na karɓe sanda na ba shi alƙalami."

Ranar kasuwar shanu ya fita, ya aiko a ce in biyo shi. Yana gaba ina baya har kara, inda ake sayar da su. Ya zaɓi wata saniya mai sanyin hali, ya ciro kanwa a aljihu ya zuba min a tafi. Da saniyar ta miƙo baki na fara janye hannu, kanwar na zubewa. Sai Baffa ya kau da kai gefe, ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam har saniyar ta gama lasa. Tun da na yi wayo, ranar ce ta farko da ya taɓa ni.