Baba Mato Mai Zanen Maza

Kafin mai koko ta gama kafa tukunyarta a ƙofar masallacin layinmu, Baba Mato ya riga ya idar da lazimi, ya rataya tsohuwar jakarsa, yana bakin titi yana jiran zemijan, wato ɗan acaɓa. Masu baburan duk sun san shi, sun kuma san ba ya son gudu. Ranar da ake kwance dilar gwanjo, kasuwar Assiyéyé zai nufa. Ranar da ya ji jirgi ya iso, sai Adakpamé, wurin masu sayen tarkacen ma'aikatan jirgin ruwa. Abu ɗaya yake nema: zanen maza, mai gida-gida ɗin nan da mutanen Indiya da Yaman ke ɗaurawa. Ba ya ɗaukar mai fure, ba ya ɗaukar mai sheƙi. Zai ɗaga shi a rana ya ga ko yana nuna jiki, ya ja bakinsa, ya shinshina, sannan ya fara ciniki kamar ba ya so.

Samarin Zongonmu na Lomé "Baba mai siket" suke ce masa, shi kuma amsawa yake yi. In sun cika surutu ya ce, "Ku dai ku yi ta roƙon lafiya." Ba su gane ba, kuma ina yi musu fatan kada su gane da wuri.

Ga abin da ba su sani ba. Akwai dattawa da yawa a unguwar nan da wando ya gagare su. Wani an yi masa aikin gwaiwa, wani wuta ta ƙone masa cinya, wani ciwon mafitsara ya sa an saka masa roba, yana yawo da jakar fitsari. Za ka ce ai ga jallabiya. To, jallabiya ba ta da inda za a rataya jakar, kuma wanda ya taɓa hawa babur ko yin sujada da ita zalla ya san ba ta da amana. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ewe ba su da wannan damuwa, dattijonsu zai yafa zane ya je taro ana ba shi kujera. Mu kuwa namiji ya fito da zane, an samu abin hira har wata. Shi ya sa mutum mai ƙima zai shige ɗaki, a daina ganinsa, a ce yana jinya, alhali kunya ce ta fi ciwon cinsa.

Waɗannan su ne mutanen Baba Mato. In ya kawo zanen gida, sai ya hau tsohon kekensa na ɗinki ya haɗe bakin biyu, ya sa mazagi, ya ɗinka aljihu ta ciki daidai gwiwa, inda jakar za ta zauna ba mai gani. Labarin mai buƙata ta wurin matarsa Kulsum yake zuwa, domin mata ke faɗa wa mata. Bai taɓa aiken kowa da zanen ba. Da kansa yake kaiwa, da sunan gaisuwa, kuma bai taɓa tambayar mutum me ke damunsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Alhaji Boubacar, wanda dukkanmu muka gani da idonmu. Tsohon direban tirela ne, ya sha hanyar Lomé zuwa Yamai har ta san shi, kuma rabin direbobin tasharmu a hannunsa suka koyi sitiyari. Bara aka sa masa roba. Da ya ɗan ji ƙarfi ya matsu ya fita sallah, sai matarsa Rahmatu ta ba shi atamfarta ya ɗaura ƙarƙashin riga. Ta manta cewa a Lomé kowace atamfa tana da suna, kuma mata sun san wacce ce ta wa. Bakin zanen ya leƙo, wata mai sayar da ƙosai ta ce, ba da mugun nufi ba, "A'a, Alhaji, wannan ba na Rahmatu ba ne?" Wasu suka yi dariya. Alhaji bai shiga masallacin ba. Ya juya gida, ya rufe ƙofa, tun daga ranar ko tsakar gida ba ya zama in da baƙo.

Ana haka aka sa ranar ɗaurin auren autarsa Hamdiya, yarinyar da ya fi ji da ita a duniya. Ya ce ƙaninsa ya tsaya masa, shi ba zai fito ba. Hamdiya ba ta yi masa gardama ba, kuka ta yi ta yi. Ta ce wa Kulsum, "Inna, ni ba kaya nake so ba, ba biki nake so ba. Babana nake so ya zauna a wurin, a ce ya ba da ni da bakinshi."

Baba Mato ya ɗauki zane mai ruwan toka ya tafi. Shi Bagobiri ne, Alhaji Bazabarme, don haka akwai wasa a tsakaninsu, yana iya faɗa masa abin da wani ba zai iya ba. Rahmatu ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Bawana, ka ɓuya a ɗaki kamar amarya. Hamdiya za a aurar ko kai?"

"Mato, pardon, bar ni da abin da ke damuna."

"Ba zan bar ka ba. Kai da ka je Makka, me ka ɗaura a gaban Ka'aba? Wando?"

Alhaji ya dubi zanen. Can ya ce, "A can kowa ya ɗaura. A nan ni kaɗai ne."

Baba Mato ya miƙe. Ya ajiye zanen a bakin gado ya fito. Daga ranar muka daina ganinsa a majalisa. Ya zagaye Assiyéyé, ya koma Adakpamé, ya bi wata mata har Kégué don an ce tana da ragowar dila. Gwiwoyinsa da ma ba lafiya gare su ba, amma kullum yana hanya, in ya dawo kekensa ba ya hutawa. Sannan ya shiga tasha ya sami Salifou, shugaban direbobi, wanda ya fara a matsayin yaron motar Alhaji. Ya ce masa so yake shi da direbobinsa su ɗaura zane ranar ɗaurin auren.

"Baba, ni? In fita da siket a gaban yarana?"

"Lokacin da ka jefa wa Alhaji tirela a rami, wa ya tsaya a gaban mai mota ya ce shi ke tuƙi?"

Salifou ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Bon. Kawo nawa. Amma mai duhu."

Safiyar ɗaurin auren ba zan manta da ita ba. Ina ƙofar gida na hango su tafe, direbobi da dattawan layi, har da ladanmu, kowa da rigarsa mai kyau da hula, ƙasa kuwa zane mai gida-gida. Ba su iya tafiya da shi ba. Zulkifli mai gyaran taya bai yarda da mazagin ba, ya ƙara bel a kai, yana tafe yana riƙe da ƙugu. Mata suka fito bakin ƙofa za su yi dariya, da suka ga inda aka dosa sai suka yi tsit. Baba Mato na gaba da sandarsa. Ya tsaya a ƙofar Alhaji ya ɗaga murya: "Bazabarme, fito. Yau kowa ya ɗaura."

Da labulen ya ɗaga, Alhaji ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya kai kan Salifou, sai ya sa hannun riga ya rufe fuska. Wallahi ni ma sai da na share ido. Ya koma ciki, ya fito da mai ruwan tokan nan, suka sa shi a tsakiya har masallaci. Da liman ya tambayi waliyyi, ƙanin ya matsa gefe. Hamdiya tana cikin gida, amma lasifika ta kai mata muryar ubanta yana cewa ya bayar.

Yanzu Baba Mato ya ajiye aiki. Ido ya yi rauni, zare ba ya shiga allura, gwiwa ta ƙi hawa babur. Ya miƙa keken ga Nafissatou, ɗiyar ƙanwarsa, ya nuna mata inda ake sa aljihun.

Baba, kai ne mai rufa asirin manya. Kai ne ka yarda a yi maka dariya shekara da shekaru don kada a yi wa wani. Ba ka warkar da kowa ba, ba ka taɓa cewa kai likita ne ba, amma ka mayar mana da mutane sahu bayan mun fara sabawa da rashinsu. Mun gode. Allah ya suturta ka duniya da lahira, ya ba ka lafiyar gwiwa da ido, ya saka wa Inna Kulsum da alheri.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya ɗinki ba. Gobe in kun tsaya sallah, ku duba sahu da kyau. Akwai wanda kuka daina gani, kuka ce yana jinya. Ku je ku buga masa ƙofa.