Zuciyar Rago a Littafin Lawali

Bana shekara hamsin da biyu ke nan da rasuwar Lawali, taubashina. Waɗanda suka san shi a Matamaye sun ƙare saura ni, kuma ni ma idona ya fara yi mini gardama. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun hannu yana iya riƙe alƙalami.

Lawali ɗan gwaggona ne, ni ɗan namiji, don haka "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "sarkin barci". Tare aka sa mu lakwal, wato makarantar boko. Ni shekara uku na yi na gudo gona. Shi kuwa kansa yana ja, aka kai shi Damagaram, daga can Yamai, sai kawai muka ji an tura shi Dakar ya koyi aikin likita. Wannan kafin a ba ƙasa mulkin kai ne. Ba mu san inda Dakar take ba, an dai ce mana ƙasa ta ƙare a can, sai ruwa.

Da damina yake zuwa hutu, lokacin da kowa ya ba gona hankalinsa. Tsofaffi sukan tare shi da ciwon gwiwa da na baya, ya ce musu shi bai kai nan ba tukuna. Wai kafin a bar ka ka taɓa majinyaci, sai ka san yadda aka gina mai lafiya: ƙashi nawa ne a hannu, ina jini ke bi ya zagayo, yaya tuwon da ka ci yake zama ƙarfi. Wanda ya faɗi wannan jarrabawa, gida ake maido shi. Tsofaffin sai su taɓe baki. Likitan da ba ya allura, ina amfaninsa?

Babban littafin da suke karatu da shi su huɗu suke tarayya a kansa, bai isa ya taho da shi ba. Sai ya nemi wata dabara. Ranar kasuwa tun da hantsi yakan tafi rumfar Baba Tanko mahauci, ya roƙa a ajiye masa zuciyar rago ba a tsaga ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba zai yanka, ya buɗe, ya kuma zana ba. Nan ne aikina ya shigo. Nakan sa manyan yatsuna biyu in buɗe masa zuciyar, shi yana leƙawa yana zane a ɗan littafinsa.

A hannuna na fara sanin cewa zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa. Ya nuna mini bangon hagu ya fi kauri, domin shi ke tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake aikawa. Ya zuba ruwa daga buta, na ga wasu ƴan fatu sirara sun taso sun rufe hanya da kansu. Ya ce ƙofofi ne, jini in ya wuce ba ya komawa. Baba Tanko, wanda ya shekara talatin yana fiɗa, ya ajiye wuƙa ya ce, "Ikon Allah. Kullum ina yanka ta, ban taɓa gaishe ta ba."

Damina biyu muka yi haka. A ta uku magana ta tashi a gari. Mu gidan malamai ne, kuma kowa ya san yadda ake kallon fawa a lokacin: a ci naman, amma ba a haɗa zuri'a. Aka ce ai an koro Lawali ne daga karatu, yana ɓoyewa, ga shi ya koma koyon fawa ya ja ni. Ni kuwa a lokacin ina neman auren Rabi. Kawunta ya aiko wa mahaifina cewa su ba su san da mahauci za su yi surukuta ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, Lawali ya tsaya a ƙofar zaure da littafinsa.

"Sarkin barci, tashi, Baba Tanko na jira."

"Yau ina da noma a gonar Kance," na ce, ban dube shi ba.

Ya san babu wata gonarmu a Kance. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Bai ƙara kirana ba, ni ma ban ƙara ce masa bawana ba. Saura kasuwa biyar ya koma, duka shi kaɗai ya je. Na hango shi sau ɗaya daga rumfar masu gishiri, a tsugune, ya ba mutane baya. Na sake hanya.

Ya ci jarrabawar. Wannan a wasiƙa muka ji. Kafin wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi a Dakar, kwana shida ya cika. A can aka rufe shi, ba wanda ya san kabarinsa a cikinmu. Akwatinsa kawai kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo.

Yanzu jikata Nana tana karatun likita a Yamai. Da ta zo hutu ta buɗe mini na'urarta, sai ga zuciya tana bugawa, ana juya ta da yatsa, ana shiga ɗakunanta ɗaya bayan ɗaya, babu ƙuda babu ƙarni. Na yi ta tunanin me Lawali zai ce. Na san zai yi murna, sannan ya tambaya ko an taɓa ɗora mata ta gaske a tafin hannu ta ji nauyinta. Zai kuma yi dariya ya ga yau uwaye suna guɗa don ɗansu ya shiga karatun da aka yi masa gori a kai. Da na gaya wa Nana wane bango ya fi kauri tun ba ta nuna ba, sai ta saki baki. Ta ce wa ya koya mini. Na ce wani bawana.

Me ya rage na Lawali? Bai yi aure ba, bai warkar da kowa ba, babu allo mai sunansa a ƙofar asibiti. Na auri Rabi, mun yi zaman lafiya har ta riga ni, ban taɓa gaya mata abin da na bayar don in same ta ba. Duk Layya nakan karɓi zuciyar ragona in koma gefe in buɗe ta ni kaɗai, yara suna cewa tsufa ne. Kewarsa nake ji, kuma kunya nake ji.

Sai littafin, wanda gwaggo ta ba ni daga akwatin. A shafukan farko ya zana zuciya da yatsu biyu suna riƙe da ita, har da tabon lauje da ke babban yatsana na dama bai manta ba. Shafi biyar na ƙarshe ma zuciyar ce, a buɗe, zanen ya fi na baya kyau. Amma a inda yatsuna suke, tsinken tsire biyu ya kafa.

Allah ya jiƙan Lawali, ya sa ya yafe mini.