Malam Ɗalha Mai Faci, Mai Hana Sabuwar Taya Fita da Sanyi

Da an sallame Asuba, ko sanyi na tsaga fata, Malam Ɗalha yakan nufi rumfarsa ta faci a bakin hanyar Kusada, cikin garin Kankia. Ruwa yake fara ɗorawa a wuta, ba na shayi ba, na wankin taya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana sana'ar. A watan nan zai ajiye ta, don yatsunsa sun ƙage, ba sa riƙe ƙarfe.

Samarin da ke tseren mashin a bayan gari su suka fi sanin darajarsa. Sabuwar taya da santsi take zuwa, kamar an shafe ta da kaki, in kuma ta kwana a sanyi sai robar ta sandare, ba ta kama ƙasa. Shi zai wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ya goge ta da samfefa har gefe, ya jingine ta a hantsi, ya gwada iska sau biyu. Sai mai mashin ya je garin Kafin Soli ya dawo a hankali, sannan a yi zancen filin tsere.

Ba haka ya fara ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, ƙanensa Badaru ya kawo sababbin tayoyi da sassafe yana saurin zuwa tsere, shi kuwa ya ɗaura masa nan take. A kwanar farko mashin ya zame. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Zuliha, matar marigayin, ta ce tun ranar ta faɗa masa ƙaddara ce, amma har yau ba ya iya haɗa ido da ita.

Ya roƙi samarin su bar tseren, suka ƙi. Sai ya ce to, aƙalla tayoyin su riƙa biyowa ta hannunsa.

Bara, wasu abokai biyu, Auwalu da Sada, suka zo masa da sababbin tayoyi da sanyin safe.

"Baba, a ɗaura kawai, ana jiranmu," in ji Sada.

"Wagga taya ba ta fita nan sai rana ta taɓa ta."

"Tsufa ne ke damunka!"

Auwalu ya zauna kan benci yana ƙunƙuni. Sada ya ɗauki tasa ya kai wani wuri aka ɗaura masa, ran nan mashin ya zame da shi a fili. Yau da sanda yake tafiya, ƙafar hagu an yanke ta daga gwiwa. Auwalu ya ce da suka je dubiya, tsohon ya tsaya a bakin gado hawaye na zuba, ya ce, "Ɗana, da na sani, da na ƙwace makullin mashin ɗinka."

Malam Ɗalha, kai ne aka zaga a rumfarka ka haɗiye. Kai ne ka ɗauki mutuwar Badaru ka mai da ita gadin 'ya'yan mutane. Waɗanda ka tsirar ba za a taɓa sanin yawansu ba, domin ba abin da ya same su. Mun gode. Allah ya jiƙan Badaru, ya sanyaya maka zuciya.

Ku kuma masu faci daga Kankia har Kusada, sanyi ya sake shigowa, kuma rumfar za ta rufe. Gobe wani yaro zai tsaya a gabanku yana sauri. Ku bari ya zage ku, ya koma gida da ƙafafunsa.