Gwaggo Mai Guga da Masu Duba Tikiti

Ƙanwar babanmu ce, amma kowa Gwaggo Mai Guga yake ce mata, domin tun ina ƙarama aikinta ke nan a ɗakin wanki na babban asibiti. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya ɗaya da ɗaki biyu a bayan tashar jirgin ƙasa. Da safe takan bi jirgi zuwa aiki, da yamma ta biyo shi ta dawo, hannuwanta na ƙamshin sabulu. Mace ce mai son a gaya mata doka ta bi. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kanta duk tsawon shekarun nan, wato masu duba tikiti.

Su uku ta sani a wannan layin. Akwai Dogo, mai ɗan ƙarfen da yake huda tikiti da shi. Akwai Mai Tabarau, wanda ba ya riƙe komai, gefen tikitin yake yagewa da farce. Na ukun fasinjoji sun laƙaba masa Sannunku, don shi ratsa tarago kawai yake yi yana gaishe da jama'a, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Wani lokaci a kwana biyu ba a ga ƙeyar ɗayansu ba, wani lokaci biyu su shigo a jere kamar an koro su.

Takan zo gidanmu ranar hutunta ta zauna bakin gadon babanmu tana mita.

"Yaya, in dubawa ake yi, a duba mana. In an daina, a faɗa. Maƙwabciyata ba ta taɓa yankan tikiti ba, ga ta nan sai ƙiba take."

Babanmu ya ce, "To ke ma ki daina mana."

Ta dube shi kamar ya ce ta shiga kasuwa ba ɗankwali. "Ni? A kama ni da furfurata?"

Wata ranar aiki ta shiga jirgin safe da tikitinta. Mai Tabarau ya zo ya yage gefe, ta ƙulle shi a bakin mayafi. A wata tasha ta tsakiya sai ga Dogo ya hau, ya fara daga farkon tarago. Da ya iso kanta ya juya tikitin gaba da baya.

"Mama, wannan ai an yi amfani da shi."

"Ni na yi amfani da shi, ɗana. Ga ni zaune a kansa."

"Yagagge ne. Tun watan jiya aka hana yagewa, hudawa ake yi."

"To ɗan'uwanka ne ya yaga, ba ni ba."

"Wane ɗan'uwan nawa? Ni kaɗai aka turo wannan jirgin yau."

Gwaggo ta waiwaya neman shaida. Waɗanda aka yage nasu tare da ita sun riga sun cusa a aljihu, kowa ya maida ido taga, kuma Dogo bai tambaye su ba. A kujerar da ke kallonta wani mutum mai kwat yana ta minshari, shi ma aka tsallake shi. Dogo ya ce ko ta biya tara ko ta sauka. Ta ce ba za ta biya tarar laifin da ba ta san sunansa ba. A tasha ta gaba ya sauke ta, har da riƙe mata jaka kada ta faɗi.

Ƙaramar tasha ce, benci ɗaya da famfon da ba ya kawo ruwa. Ta zauna tana kallon tikitin har rana ta take. Da jirgi na biyu ya zo ta hau da yagaggen tikitin a hannu. Sannunku ne a ciki. Ya ce, "Sannu, Mama, yau an makara," ya wuce abinsa.

A asibiti shugabar ɗakin wanki ta yi mata faɗa a gaban yaran aiki, abin da ba a taɓa yi mata ba. Wannan ne ya fi ci mata rai. Ranar hutunta ta ja ni zuwa ofishin babbar tasha, a ganinta tunda ina makaranta zan gane abin da ya shige mata duhu.

A taga ta farko wata mata ta ce hudawa ne daidai. A ta biyu wani dattijo ya ce ƙarfen hudawar bai wadata ba, don haka an yarda a yaga. Ya tura mu wajen wani babba mai fanka a kan tebur. Shi kuma ya saurare mu da kyau, sannan ya ce a saninsa ma an janye masu dubawa daga jiragen safe, a ƙofar fita ake karɓa.

Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar fita ai ba kowa a wurin."

Ya ce, "Ba kowa?"

"Sai mai sayar da jarida."

Ya ce zai bincika, ya ba ta haƙuri. Da muka fito ta tambaye ni, "'Yar nan, ke kin gane?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba tsufa ba ne."

Daga nan ta fito da dabararta. Idan Mai Tabarau ya miƙo hannu sai ta ɗaga tikitin sama ta ce, "Duba da ido." Ya yi mita ya gaji ya ƙyale ta. Aka yi sa'a dabarar ta yi aiki wata da watanni, har ranar da Dogo ya karɓi tikitin ya gan shi lafiya lau bayan tashoshi da yawa, ya ce yaya aka yi ba a yage ba, ko ɓuya ta yi a banɗaki? Ranar dai bai sauke ta ba, domin taragon gaba ɗaya ya fashe da dariya, sai ya miƙa mata tikitinta ya wuce.

Haka ta ci gaba har ƙafafunta suka gaza tsayuwar guga ta ajiye aiki. Ba ta taɓa hawa ba tikiti ba, ba ta kuma taɓa sanin wanne ne daidai ba. Sababbin fasinjoji kan tambaye ta yadda ake yi, ganin ta daɗe a layin, sai ta ce, "Ku yanka, ku riƙe, ku yi addu'a."

Bara na raka ta a jirgi zuwa gidan 'yarta da ta haihu. An sa wasu ƙofofin ƙarfe masu karanta tikiti, amma ranar sun lalace, an bar su a wangale. Har muka isa ba wanda ya ce mana kanzil. Mutane suka yi ta fita, ita kuwa ta toge a bakin ƙofa da tikiti a hannu. Na ce, "Gwaggo, mu tafi, ba kowa." Ta ce a'a, sai wani ya gani. Can ta hango wani mai shara sanye da rigar ma'aikata, ta miƙa masa. Bawan Allah ya jingine tsintsiya, ya duba gaba da baya, ya ce shi dai bai san abin da ake yi da shi ba, amma ga alama mai kyau ne. Ta yi masa godiya, ta kama hannuna muka fita neman mota.