Muryar Audi a Dajin Bilya

A kasuwar Sabuwa, duk wanda wayarsa ke ɗauke da katun ɗin Japan mai magana da Hausa, Audi mai turin fina-finai ne ya zuba masa. Japananci kuwa ko "sannu" Audi bai sani ba. Abin da yake yi, ya rufe ido ya saurari fim, ya ji wa ke tsoro, wa ke ƙarya, wa ke shirin kuka. Yakan ce mutanen nan ko gaisuwa suke yi sai ka ji ta a ƙirjinka. Daga nan ya shige ɗakin buhunan masara ya ɗora tasa muryar. Shi ne yarinya, shi ne dodo, shi ne tsohuwa mai hawan guguwa.

Wata Talata da hantsi, a hanyar Faskari, 'yan bindiga suka tare motar da Audi ke ciki. Direba ya yi yunƙurin juyawa, suka harbe shi a wuya, jini ya fantsamo har rigar Audi. Aka kora fasinjoji daji da bulalar kebur. Da duka ya ratsa Audi sai ya tsala ihu, siriri, mai karkarwa.

Ogansu, wani Bilya, ya ɗaga hannu. "Tsaya. Sake kukan nan."

Aka ƙara masa ɗaya. Ya sake.

"Wallahi tsohuwar guguwa ce! Shege, kai ne mai katun?"

"Ni ne, ranka shi daɗe, in bai ɓata maka rai ba."

Bilya ya zaro wata waya da ya ƙwace, da fim ciki wanda ba a fassara ba: wani yaro mai takobi da ƙaton dodo mai ƙaho. "Dodon ga nawa ne. Fassara muna. In ya mutu, ka bi shi."

Audi bai taɓa ganin fim ɗin ba. Ya rufe ido kamar kullum don ya saurara. Wani daga cikinsu ya ɗauka raini ne, ya sauke masa gindin bindiga a baki. Haƙora biyu suka faɗo ƙasa.

Haka ya fara, jini na bin haɓarsa. Ya yi yaro, ya yi dodo, 'yan bindiga suna ihu duk sanda dodo ya rushe gari. Can ƙarshe yaro ya daka tsalle ya raba dodo biyu. Bilya ya ɗora masa bakin bindiga a kunne.

Audi ya sake runtse ido. Yaron nan ba muryar nasara yake yi ba, rawa take, kamar ta wanda aka shaƙe. Sai Audi ya kumbura maƙogwaro, ya sa wa bakin yaro muryar dodo: "Wawa! Tsohuwar riga ka yaga. Na shige jikinka, ni ne kai yanzu!"

Yaron cikin waya ya durƙusa yana kuka, kamar sun haɗa baki.

Bilya ya yi dariya har ya harba sama. Kwana tara ya riƙe shi yana fassara, sannan ya sake shi ba takalmi.

Audi na nan a rumfarsa. Muryar yarinya ta tafi da haƙoran, in ya gwada sai fito. Amma in ya yi dodo, har masu awon masara sukan waiwayo.