Hannu a Kan Sirdin Moto

A tashar Dogon Dutsi wani magidanci yana tsaye gaban moton wani ɗan kabu-kabu. Rigarsa fes take, amma ta yi masa yawa. Ya ɗora tafin hannu a kan sirdi, yana jan numfashi a hankali.

"Malam, ina za ka?" in ji mai moton.

"Babu inda za ni. Likita mai duba damuwa ya ce kullum in taɓa moto, in gaya wa raina ba ni na kashe ta ba. Hawa sai nan gaba."

Ban san wace ce ba. Na dai lura ba mazaunin direba yake shafawa ba. Hannunsa yana can baya, inda ɗiya kan zauna ta riƙe rigar ubanta.