Katin Ne Ya Mutu, Ba Yaron Ba

Kafin a buɗe tagar inshorar lafiya ta asibitin da safe, ma'aikaciyar nan ta riga ta fito cikin layi. Za ta ajiye jakarta, ta maƙala tabarau, ta bi benci-benci tana karɓar katin yara daga hannun iyayensu tana duba ranar ƙarewarsa. Wannan ta ce masa ya wuce wurin likita, waccan ta ce mata ta biyo ta ciki a gyara. Masu zuwa asibitin ba su damu da sunanta ba, Antin Taga suke ce mata, har likitoci ma sun kama.

Ga wanda bai san tsarin ba, alkawari aka yi cewa ɗan talaka zai ga likita ya karɓi magani ba tare da an tambayi uwarsa kuɗi ba. Madalla. Sai dai duk shekara sai iyaye sun sabunta katin, sun kawo shaidar cewa har yanzu su talakawa ne, kamar talauci mura ce da ke warkewa da kanta. Da ranar ta wuce, sai kwamfuta ta rufe sunan yaro. Wanda ya zauna cikin sanyin ofis ya rubuta wannan ƙa'ida, da so samu ne a goya masa yaro mai zazzaɓi, a ce ya je ya bi layin da ya ƙirƙira.

Ma'aikatan wurin suna da kalmarsu ta katin da wa'adinsa ya cika. Cewa suke yi ya mutu.

Wata nas da abin ya faru a gabanta ce ta ba da labarin nan. Wata mai wanki da guga ta kawo ɗanta mai ciwon sikila, yana ta murƙususu, aka shiga da shi ɗakin gaggawa, aka ce mata ta ruga taga a tantance kati. Ta miƙa wa ma'aikacin da ke kujerar kusa da ta Anti. Ya danna kwamfuta, ko kai bai ɗago ba, ya turo mata katin ya ce, "Ya mutu."

Matar ba ta yi ihu ba. Sulalewa ta yi ta zauna a ƙasa, takalminta ɗaya a gefe, tana kallon ƙofar ɗakin da ta baro ɗanta.

Anti ce ta gane abin da ya faru. Ta zagayo da gudu, ta durƙusa ta kama fuskar matar. "Katin, 'yar'uwa, katin yake nufi. Ɗanki yana nan da ransa. Tashi mu je ki gan shi."

Ta kai ta har bakin gado, sai da uwar ta taɓa ƙirjin yaron sannan hawaye suka zo mata. Daga nan Anti ta wuce ofishin shugaban sashe, ba ta ko zauna ba.

"Yallaɓai, a sa wa yaron nan ruwa da allura yanzu. Sabuntawar a wuyana take."

"Kin san ƙa'ida, Anti. Sai an amince daga sama."

"Daga sama ciwon ba ya jira, yallaɓai. Ka sa hannu, in laifi ne a rubuta sunana."

Aka kuwa rubuta. Yaron ya samu magani, ita ta samu takardar gargaɗi, kuma da aka zo ƙarin girma a shekarar aka tsallake ta. Ma'aikacin da ya kusa kashe uwa da baki ko tari ba a yi masa ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Tun daga ranar Anti ta hana faɗin kalmar nan a tagarta. In sabon ma'aikaci ya yi suɓutar baki, sai ta zare tabarau ta ce, "Kati ƙarewa yake yi, ɗana. Yara ne ke mutuwa, kuma mu aka ajiye mu hana." Ta kuma ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Duk yaron da katinsa ya kusa ƙarewa, sai ta kira iyayensa da wayarta, ta yi ta naci har su zo. Wani direban babur ya ce ya fi tsoron kiranta da na mai gidan hayarsu.

Anti, ke ce kika mayar da alkawarin takarda ya zama allura a hannun yaro. Ke ce mai fita daga bayan gilashi, a wurin da kowa ya mayar da gilashin mafaka. Ba a taɓa kiranki taron manya ba, su da suke tsayawa gaban kyamara suna lissafa yaran da tsarin ya ceta. Mun gode, Anti. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ƙarshen watan nan take yin ritaya. Ba a kawo wanda zai gaje ta ba, rufe tagar ma za a yi, wai kowa ya sabunta katinsa a waya. Mai wankin nan ta zo yi mata sallama, riƙe da hannun yaron, ya yi tsawo har ya kusa kafaɗarta. Ta ce, "Anti, yanzu wa zai kira ni?"

Anti ta miƙa hannu tana shafa kan yaron.

Ku da kuka rage a asibitin, nas da mai ba da magani da mai tsaron ƙofa, wani a cikinku ya karɓi lambar matar nan, da na irinta. Ku kuma na sama da kuka yanke hukuncin, ku sani katin yaron zai ƙare watan gobe, kuma wayar uwarsa ƙarama ce mai tocila, ba ta shiga intanet.